Wa ya taɓa shiga bikin wasan kwaikwayo na gwaji? A ba mu labari kafin mu je mu ji kunya

'Yar Gangare

Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya na zo da ita, amma don Allah wanda ya gani da idonsa ya amsa, ba na son "an ce".

Mu bakwai ne a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo. Wani ajin firamare muke ara muna rihasal ran Asabar da Lahadi bayan la'asar. Wata uku da suka wuce wani tsohon malamina ya turo mana fom ɗin wani biki da za a yi nan Jos, har da ƙungiyoyi daga ƙasashen waje, kuma sabbin wasanni "na gwaji" kawai ake karɓa, na masu zaman kansu. Muka cike kamar wasa. Shekaranjiya saƙo ya shigo: an ɗauke mu, an ba mu minti 25. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Wasan namu a kan gobarar babbar kasuwar Terminus ne, ta watan Fabrairun 2002. Mamana tana da shagon atamfa a ciki, ni lokacin shekarata huɗu. Mun shirya za mu zana babban allo mai hoton wuta, mu kawo teburi uku da dilolin kaya. Yanzu kuma wani ya ce mini in muka je da wannan tarkacen dariya za a yi mana. Shin mene ne gwajin nan? Baƙin za su fahimci Hausa? Ana biya, ko mu ne za mu biya? Kowa ya faɗi abin da ya same shi.

Baba Tela

Wa alaikumus salam 'yata. Ni ba ɗan wasa ba ne, tela ne a Dilimi shekara talatin da ɗoriya, amma an taɓa ja na. Ɗana na biyu da ke karatu a Jami'ar Jos can Naraguta ne ya matsa sai na je, har ya yanki tikiti, na ga bai kyautu kuɗin yaro su tafi a banza ba.

Muka shiga wani zaure, kujeru sun kewaye fili, babu dandamali, babu labule. A tsakiya tsofaffin takalma ne a jere, sun kai ƙafa arba'in, kamar ƙofar masallaci ran Juma'a. Wata Baturiya na zaune a ƙasa tana goge su da tsumma. Ni wallahi na ɗauka mai aikin wurin ce, har na ce mata sannu da aiki. Na zauna ina ta jan yaron da hira, ina tambayarsa yaushe za a fara. Sai ya matse mini hannu ya ce, Baba ai an yi minti goma da farawa.

Can ta shiga sa takalman ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta sa sai tafiyarta ta sake. Ta sa na soja, ƙirji ya fito. Ta zura yatsu a na ƙaramar yarinya, ta riƙa ɗan tsalle. Tun farko har ƙarshe ko uffan ba ta ce ba. Sai ta ɗauko wasu silifas da dunduniyar hagu ta cinye ta gefe guda, ta sa, ta riƙa jan ƙafa tana dafe da ƙugu. Haka yayana marigayi yake tafiya tun da ya faɗa ramin kuza yana saurayi. Sak. Na rasa inda zan sa fuskata, sai na yi kamar hula nake gyarawa.

Amma kada in yi miki ƙarya, wasanni uku muka gani a daren, biyun shirme ne. Wasu ƙarti sun rufe kai da leda suna ihu suna birgima kusan rabin sa'a. Aka tafa musu, ni ban tafa ba. Don abu ya hau jirgi ya zo, ba shi ya sa ya zama abin kirki ba.

Ɗan Rikkos

Baba, ai da ka miƙa mata naka ta goge, ka ga kai ma ka fito a wasan ƙasa da ƙasa ke nan.

Sani Fitila

Ƙanwata, ajiye maganar ma'ana tukuna, bari in gaya miki abin da ke kayar da mutane. Na yi aikin fitilu da sauti a irin wannan biki sau uku, biyu nan Jos, ɗaya Abuja.

Tsakanin wasa da wasa minti goma ake bayarwa, in an yi mutunci sha biyar. A cikinsu na gabanku za su kwashe nasu, ku kuma ku shigar da naku. Teburi uku da diloli da allo, ku bakwai, kuma ku ne dai 'yan wasan? Kafin ku gama haki an kashe fitilar zaure an ce bismillah. Na ga wata ƙungiya ta zo da gadon katako na gaske, ƙofa ta ƙi shigar da shi, a waje ya kwana.

Sai maganar wuta. Wasu baƙi sun turo mana takarda tun kafin su iso, sun jero fitilu sun fi talatin, kowace da lambarta da launinta. Mu kuwa guda tara ke aiki a zauren, biyu daga ciki ma sai ka ɗan make su. Mutuminsu na fitila ya ɗaga kai ya dubi silin, ya riƙe ƙeya. Da dare ana tsakiyar wasan aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Abin da ya burge ni, matar da ke magana ko a jikinta, ta ci gaba cikin duhu. Sai wani ɗan kallo ya kunna tocilan ɗin waya, na kusa da shi ya kunna, kafin ka ce kwabo wuri ya ɗauki haske. Haka aka ƙarasa. Washegari daraktansu ya ce in kashe komai daidai wannan wurin, da gangan. Na ce ikon Allah, abin da kullum muke ba da haƙuri a kansa shi ne yau ya zama salo.

Kuɗi kuwa, a rubuta. Akwai bikin da har yau nake bin rabin kuɗina, kullum "masu tallafi ba su saki ba". Ku tambayi kuɗin mota, ku tambayi abinci, a sa hannu a takarda. In kuma a fili za a yi, ku tuna Jos kuke. Na ga wani ɗan wasa daga Legas ba riga da hunturu, haƙoransa na haɗuwa har makirfo na ɗauka.

Malam Naraguta

'Yar Gangare, Allah ya sa albarka. Kalmar ce kawai ta firgita ki. Abin da suke nufi da gwaji shi ne kada ka ɗauki tsarin da aka saba a matsayin dole: 'yan wasa can sama, 'yan kallo can ƙasa cikin duhu, labari ya tashi daga farko ya sauka a ƙarshe, a ja labule. Kowanne daga ciki kana iya taɓa shi ka ga abin da zai faru. Wani lokaci a sami matar takalman Baba, wani lokaci a sami ƙartin leda.

Bukukuwan nan suna da asali. A 1947 aka buɗe babban bikin Edinbara a Sikotland. Ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba suka ce ko ba goron gayyata sai sun je, suka nemi ƙananan wurare a gefe suka yi nasu. Daga nan aka sami abin da ake kira Firinj, wato na gefe, kuma har yau can babu kwamitin da ke tace wanda zai shiga. In ka sami wuri, ka biya, sai ka yi. Duk watan Agusta ake yi, kuma tuni ɗan ya fi uwar girma nesa ba kusa ba. Alƙahira ta fara nata bikin na wasannin gwaji a 1988. Legas ta fara wani a 2013, inda ake wasa a wuraren da ba don wasa aka gina su ba, har da Freedom Park, tsohon gidan yarin zamanin Turawa. Nan gida ma ba baƙon abu ba ne: Jos Repertory Theatre, wadda Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997, ta daɗe tana shirya bikin wasan kwaikwayo na Jos.

Ni ga abin da ya same ni. A wani biki aka ce baƙo zai ba da horo, na je na zauna cikin ɗalibaina. Ya riƙa yi mana bayani a hankali, kamar mai ba jinjiri kunu, a kan dabarar Augusto Boal, mutumin Birazil, ta shekarun 1970: a nuna wasa a kan zalunci, ɗan kallo ya ce a tsaya, ya shigo ya karɓi matsayin wanda ake zalunta, ya gwada tasa mafitar. Na bari ya gama. Na ce masa a Zariya na yi karatu, a gidan wasan nan na laka na Jami'ar Ahmadu Bello da mai zanen gine-gine Steven Ehrlich ya zana a tsakiyar shekarun 1970, mai kama da tsakar gidan Bahaushe, kuma malamanmu sun kai mu ƙauyuka irin su Bomo mun yi wasa da manoma a kan taki da gonaki, su ne ma ke gyara mana labarin. Mutumin kirki ne, ya ciro littafi shi ya koma rubutu.

Na ƙara masa da tashe. Jerzy Grotowski na Folan ya yi suna a shekarun 1960 da abin da ya kira wasan talaka: a cire kwalliya, a cire kayan dandamali, a bar ɗan wasa da ɗan kallo. To yaron da ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya tsaya ƙofar gidanka goma ga azumi, me ya rage masa da za a cire? Kuma dole ka shiga wasan, don kai ake zolaya. Ga 'yan kama da ke wa'azin tuwo da miya. Ga kalankuwa, inda samari ke naɗa gwamna da alƙali bayan kaka. Abin da wasu suka yi shekaru suna zubar da kaya kafin su iso gare shi, mu da shi muka tashi.

Maman Khalifa

Malam, da girmanka, amma ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Tashe ya san iyaka.

Ni da ƙanwar maigidana muka je, muka yi sammako don mu sami layin gaba, ashe kanmu muka kai. Ana cikin wasa sai wani ɗan wasan baƙin ya taho ya durƙusa gabana, ya miƙo hannu wai in kama mu tashi. Na mayar da hannuna cikin hijabi. Shi kuwa bai janye ba, ya ci gaba da jira, aka juyo fitila a kaina, zaure ya yi tsit, sai wasu suka fara dariya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙanwar maigidana ce ta cece ni, ta ɗora masa jakarta a hannu, ya karɓa ya tafi da ita kamar da ma abin da ya zo nema ke nan.

Yaron tashe ya san gidan da yake shiga. Ya san wadda kakarsa ce zai tsokana, ya san wadda zai rusuna wa. Kuma in ba ka so, ɗan hatsi ko 'yan canji za ka ba shi ya yi gaba. Wannan kuwa bai san ni ba, bai san abin da hannun nan yake nufi a wurina ba. Da aka gama aka buɗe tattaunawa, na daure na miƙe na faɗa. Ta bakin tafinta ya ba ni haƙuri, kuma an ce washegari sun sanar tun a ƙofa cewa wanda ya zauna a gaba za a iya taɓa shi. Don haka ke ma, in za ku jawo 'yan kallo, ki faɗa tun farko.

Abu na biyu, lokaci. Sai tara da rabi aka tashi. Mun fi minti arba'in a bakin titi, duk mai Keken da muka ce wa Unguwar Rogo sai ya girgiza kai ya wuce. Sannan a ce wai mutanenmu ba sa zuwa kallon dandamali. A zauren da ya ɗauki mutum kusan ɗari, masu hijabi mu huɗu ne, na ƙirga.

Malam Naraguta

Hajiya, kin kama ni, ba ni da ta cewa. Sigar na duba, na manta da sanayyar da ke ƙarƙashinta.

Ladi Bukuru

'Yar'uwa, ni na yi wasa a irin wannan biki, kuma da Hausa muka yi, da ɗan Berom da Turancin kasuwa nan da can. Kada harshe ya dame ki. Rabin zauren ko fiye suna jin Hausa, ai da ita muke cinikin tumatir a Farin Gada.

Don baƙi, sai aka ce mu fassara maganganun a haska su a bango da majigi. Muka kwana uku muna fassara. Ranar wasa yaron da ke danna kwamfuta ya shagala da kallo, rubutu ya riƙa zuwa a makare. Sai in yi barkwanci, 'yan gida su bushe da dariya, in ci gaba, na shiga wurin da ake ba ni labarin mutuwar ɗana, sai ga dariyar baƙi ta iso. Ina hawaye suna ƙyalƙyalawa. Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, yanzu kam ni ma dariya nake. Daren biyu muka kashe majigin, muka raba 'yar takarda mai layi shida a ƙofa. Wata mata daga Afirka ta Kudu ta same ni bayan an tashi ta rungume ni, ta kwaikwayi yadda na naɗe zanen yaron. Ko kalma ɗaya ba ta ji ba.

Amma abin da ya sa na tsaya rubutu shi ne Terminus. Babana ma yana da shagon takalma a kasuwar. Gobarar ta zo wata biyar bayan rikicin Satumban 2001, kuma kin san har gobe kowa da nasa zargin. Zauren zai cika da mu duka, na wannan unguwa da na waccan. Na taɓa ganin wasa a kan rikicin da aka nuna wani ɓangare da yatsa, tun ba a kai rabi ba mutane suka fara miƙewa suna ficewa, tattaunawar ta koma cacar baki. Ba cewa nake ki ɓoye gaskiya ba. Ki tsaya a shagon mamanki, shi kika sani.

Kawu Wuse

Ni daga Abuja nake, amma a Nasarawa Gwom aka yanke mini cibi. Nan 'yan kallon daban ne: ma'aikatan ofisoshin jakadanci, 'yan ƙungiyoyin agaji, mutum ya tafa maka da yatsu uku. Amma cikinsu akwai masu neman wasan da za su kai ƙasarsu.

Haka wata ta ga namu ta turo mana takardar gayyata zuwa wani biki a Turai. Murna har da yanka kaji. Su za su ba da masauki, jirgi da biza namu ne. Na sayar da babur ɗina, muka biya kuɗin biza mu biyar, muka yi layi tun asuba. Mako uku fasfo ya dawo, an hana mu duka, wai ba su gamsu za mu dawo ba. Kuɗin kuma ba a mayarwa. Shekara guda na yi ina bin motar haya zuwa aiki.

Ban ce kada ki yi fata ba. Ki dai samo mai kyamara ya ɗauki wasan da sauti mai kyau, don duk wanda ya yi sha'awa bidiyo zai fara tambaya. Kuma in gayyata ta zo, tambayar farko ita ce wa zai biya me. Wanda Malam ya ambata na Edinbara ma, ai kai ne za ka kama hayar wurin da kuɗinka.

Ɗan Rikkos

Kawu Allah ya mayar da alheri. Ni dai tambayata ɗaya ce: ana raba abinci?

Sani Fitila

Ruwan leda da biskit. Ka ci tuwonka a gida.

'Yar Gangare

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na zauna na karanta wa Mama duk abin da kuka rubuta. Ta yi dariyar Baba Tela har da riƙe ciki. Da na zo wurin Anti Ladi sai ta yi shiru. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan adakarta ta ƙarƙashin gado. Ta fito da mukullai uku a ɗaure da wani jan ƙyalle da ya koɗe, ta ajiye mini a cinya. Ta ce na shagon ne. Ta ce ranar da hannunta ta kulle, har ta ja kwaɗon sau biyu ta tabbatar ya kama, don sabon kaya ya shigo mata a makon. Shekara ashirin da wani abu muna gida ɗaya, ban taɓa sanin tana ajiye da su ba.

Yau da la'asar na kai su rihasal. Mun jingine allon, mun mayar wa mai shayi teburansa. Abin da muka gwada shi ne kowa ya riƙe mukulli, ya tsaya gaban ƙofar da babu, ya buɗe shago kamar kullum: ya share, ya jera kaya, ya gaida maƙwabci. Wutar ma ba za mu nuna ba. Ɗaya daga cikin yaranmu, wanda ya fi kowa surutu, ya kasa ƙarasa nasa.

Anti Maman Khalifa, na rubuta wa masu bikin na roƙi a sa mu ƙarfe huɗu, kuma ba za mu taɓa kowa ba. Sai dai muna neman ƙarin mukullai na gaske, in akwai wanda gidansu suka ajiye.

Ladi Bukuru

Na kira Babana yanzu. Nasa biyu ne, suna cikin gwangwanin da yake ajiye rasit. Ya ce zai ba da aro, amma shi zai kawo da kansa, kuma a hannunsa za a mayar.

Sani Fitila

Fitila ɗaya ta ishe ku. Zan rataya makirfo ƙasa-ƙasa don a ji ƙarar mukullan. Ran Asabar ina zuwa in gani, ki turo mini kwatancen makarantar.

Baba Tela

'Yata, ki gaida mahaifiyarki. Ina jin ma na taɓa sayen yadi a layinsu. In kuna son zannuwa irin na wancan lokacin, ina da ragowar tsofaffin atamfofi a ƙasan teburin shago, ki aiko a ɗauka. Ni kuma ki ajiye mini kujera can baya kusa da ƙofa, kuma wannan karon don Allah wani ya taɓa ni in an fara.